Hanyoyin hawa dutsen Bagazam

Bahaushe ya san sunan Bagazam tun kafin ya san dutsen: doki ne na Abzin da sarakuna ke taƙama da shi. Dutsen da ya ba dokin suna yana arewa maso gabas da Agadas, kuma ƙololuwarsa, Idukal-n-Tagas, mai mita 2022, ita ce wuri mafi bisa a Nijar. An daɗe ana bai wa Gerebun wannan matsayi a taswirori, sai da aka sake awo aka tarar mita 1944 ne. A ajina na Arlit, ɗalibai kan faɗi tsawon Mont Blanc ba gargada, amma kaɗan ne suka san ta ina ake hawa Bagazam.

A Turai, tarihin dutse yakan fara ne da wanda ya riga kowa taka kansa, kamar Balmat da Paccard a Mont Blanc a 1786. Bagazam kuwa ba a san na farkonsa ba. Samansa shimfiɗaɗɗen tudu ne, kusan kilomita 40 a tsawo da 20 a faɗi, mai ƙauyuka da idanun ruwa da garake, ga bangon dutse kewaye da shi. Mashigansa ƴan kaɗan ne, duk kwazazzabai, kuma makiyaya da manoma ne suka fitar da su da sawunsu.

Ƙarancin mashigan nan shi ya mai da dutsen mafaka. Inda jaki ɗaya kawai ke iya wucewa, mutum goma sun isa su tare ɗari. Labarin baka na Abzinawa ya ce rundunar Barno ta taɓa yi wa dutsen zobe, mutanen ƙasar na bisa da ruwansu da dabbobinsu, har ta gaji ta juya.

Turawan farko sun tsaya a gindi. Heinrich Barth ya ratsa ta gefensa a Disamba 1850 tare da ayarin gishiri, ya nufi ƙasar Hausa. Erwin von Bary ya zauna a Ajiru a 1877. Angus Buchanan, wanda ya taso daga Kano a 1920 yana tara tsuntsaye da dabbobi don gidan tarihi na Tring a Ingila, shi ya hau, ya yi zango a Tasessat. Ƙauye ya tarar da mutanensa, wato ya hau ne ta hanyar da wasu suka daɗe da sani.

A ganina, babban aikin hanyoyin nan shi ne saukar da kaya. Sanyin bisa yana karɓar albasa da tafarnuwa da dankalin Turawa da alkama, kuma shekara da shekaru a bayan jakuna ake gangaro da su zuwa Tabelot da sauran garuruwan gindi, kafin su kama hanyar kasuwar Agadas. Da aka kafa Arlit a 1969, sannan Akokan bayanta, garake na Abzin sun sami sababbin masu saye a garuruwan uraniyom. Mahaƙin da ke cin miyarsa bai cika tambayar ta wane kwazazzabo albasar ta sauko ba.

Masu yawon buɗe ido su ne suka zo daga baya. Jagororin Agadas kan hau da su ta Zabu, su kwana a ƙauyukan bisa, su sauko ta Igalablaben, raƙuma ko jakuna na ɗauke da guzuri. Tawayen 2007 ya rage wannan zirga-zirga ƙwarai, sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a Satumba 2010 kuma ya kusan tsayar da ita. Jagorori da yawa sun nemi wata sana'a, albasa kuwa ta ci gaba da saukowa.