Bindigar da aka ce ba ta buƙatar sharewa

Duk lokacin da aka sanar gwamnati ta sayo makamai, sai ka ga an cika Facebook da hotuna, ana ƙirga bindiga nawa, mota nawa. Ni kuma abin da yake faɗo min a rai daban ne: shin an haɗo da buroshi da mai da ɗan siririn ƙarfen da ake zurawa a share cikin bututun bindigar? Kar ku yi dariya. Akwai lokacin da rashin waɗannan 'yan tarkacen ya jawo wa sojojin Amurka asarar rayuka, har sai da majalisarsu ta zauna a kai.

Labarin M16 ne a yaƙin Biyetnam.

Injiniya Eugene Stoner ne ya tsara ta a kamfanin ArmaLite, da sunan AR-15. A 1959 kamfanin Colt ya saye haƙƙin ƙera ta. Ba ta da nauyi, harsashinta ƙarami ne, milimita 5.56, don haka soja zai iya ɗaukar harsasai masu yawa fiye da na M14 mai milimita 7.62. A takarda dai babu abin kushewa. Da yaƙi ya yi zafi a ƙarshen 1965, Janar Westmoreland ya nemi a turo masa ita da yawa, aka shiga rabawa cikin gaggawa.

To ga inda gizo ke saƙar. Stoner ya gwada bindigarsa ne da wani albarushi na kamfanin DuPont. Rundunar soja ta canza shi da wani na kamfanin Olin, mai 'yan ƙananan ƙwayoyi kamar gero. Wannan sabon ya fi barin dauɗa, kuma ya sa bindigar tana harbi da sauri fiye da yadda aka tsara mata. M16 kuwa tsarinta shi ne hayaƙin harbin yana bi ta wani siririn bututu ya dawo cikin cikinta ya tura ƙarfen da ke ɗana harsashi na gaba. Kun ga ke nan duk baƙin da albarushin ya bari, a cikin injinta yake taruwa. Ƙari a kan haka, ba a shafa wa ramin da harsashi ke zama sinadarin kuromiyam mai hana tsatsa ba. Ƙasar kuma Biyetnam ce, ruwan sama da laima da taɓo. Ramin ya yi tsatsa ya ɓurme, a harba, kwanson harsashin ya maƙale ya ƙi fita.

Duk da haka, da a ce kowane soja yana da kayan share bindigarsa, da abin ya zo da sauƙi. Amma magana ta riga ta yaɗu cewa wai wannan bindigar zamani ce, ita take share kanta. Wallahi haka aka riƙa gaya wa yara. An raba ta ba isassun kayan sharewa, ba wani horo na kirki. Kayan M14 da ke hannu kuma ba sa yi, ƙarfenta ya yi wa bututun M16 kauri, tsummokaranta ma sai an yanka su ƙanana. Wasu sojoji gida suka riƙa rubuto wasiƙa, suna roƙon iyayensu su sayo musu mai da ƙarfen share ƙaramar bindigar farauta a kanti su aiko ta gidan waya. Ƙasar da ke shirin kai mutum duniyar wata fa!

Ku ɗan yi tunanin yanayin. Ana ruwan wuta, bindigarka ta cije. Hanya ɗaya ce, ka zura ƙarfe ta bakinta ka daki kwanson ya fita ta baya. Wato ta koma adaka irin ta maharbanmu, harbi ɗaya sai an sake ɗura. In kuma ƙarfen guda ne a tsakanin mutum da yawa, sai dai a riƙa jefa wa juna shi daga rami zuwa rami.

Asiri ya tonu ne bayan faɗan tsaunukan kusa da Khe Sanh, a watannin Afrilu da Mayu na 1967. Wani sojan kundumbala ya rubuto wasiƙa gida, ɗan majalisa James Howard na jihar New Jersey ya karanta ta a zauren majalisa. Sojan ya ce su 72 suka fita a rukuninsu, 19 suka dawo, kuma kusan duk gawar da aka ɗauko an same ta da bindiga a kwance a gefe, mai ita yana ƙoƙarin gyarawa aka kashe shi. Majalisar wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Richard Ichord na jihar Missouri. Suka je har Biyetnam, suka saurari sojoji da injiniyoyi, a watan Oktoba na 1967 suka fitar da rahoto. Sun ɗora laifi mafi girma a kan canjin albarushin, suka ce sakacin da rundunar ta yi ya kusa kai wa ga aikata laifi.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan, kafin rahoton manya sun daɗe suna cewa laifin yaran ne, ƙazamai ne, ba sa kula da makamansu. An hana mutum tsintsiya, an dawo ana zaginsa ɗakinsa da datti.

Gyaran bai zama wani abin mamaki ba. Aka shafa kuromiyam a ramin harsashi, daga baya har cikin bututun gaba ɗaya. Aka sa wani ƙarfe mai nauyi a ciki don rage gudun harbin, aka gyara haɗin albarushin, aka kawo man shafawa da ya dace mai suna LSA, aka yi ta tura kayan sharewa. Suka kuma ɗauko mai zanen barkwanci Will Eisner ya zana ɗan littafin koyar da kula da M16A1, da hotuna da raha, saboda sun gane yaro ɗan shekara 19 ba zai zauna karanta kundin soja ba.

Su kuwa 'yan ɗaya ɓangaren AK suke riƙe da ita, wadda mu ma a nan mun san ta fiye da yadda muke so. Mutane suna cewa AK ba ta buƙatar sharewa, wannan ma ƙarya ce, tana tsatsa kamar kowane ƙarfe. Bambancin shi ne tun daga masana'anta Rashawa sun saka ƙarfen sharewa a ƙarƙashin bututunta, sun kuma huda gindin katakon sun cusa ɗan gwangwani mai buroshi a ciki. Duk inda bindigar ta je, kayanta na tare da ita. Amurkawa sai daga baya suka yi wa gindin M16A1 irin wannan aljihun, bayan an riga an binne waɗanda aka binne.