Fanshon 'yan mazan jiyan Cadi da suka yi wa Faransa yaƙi

A Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, Leclerc ya shirya rundunar da ta ci Kufra a 1941, mafi yawanta 'yan Afirka. Amma dokar Faransa ta Disamban 1959 ta tsayar da fanshon irin waɗannan sojoji wuri guda, na Faransawa kuwa yana ta ƙaruwa. A 2001, a shari'ar Amadou Diop ɗan Senegal, kotu ta ce wannan wariya ce. An daidaita kuɗin daga Janairun 2011, sai dai a lokacin cikakken ƙarin sai an rubuta takardar nema. Nan gizo ke saƙar. Tsoho ko matar mamaci ya kamata a faɗa musu wata nawa takarda ke kwana a ofis, kuma nawa ake amincewa da su, kafin su kashe kuɗin mota.