Jinyar sassauci: yadda ake tantance cibiyar da ke kula da wanda cutarsa ba ta warkewa

A manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi, Garwa ko Njamena, akwai maganar da iyalai da dama suka taɓa ji daga bakin likita: cuta ta yi nisa, sai a koma da shi gida. Daga nan jinya kan dawo wuyan uwa, mata ko ɗiya, ba magani mai ƙarfi, ba wanda za a tambaya idan ciwo ya taso cikin dare. Alhali akwai fannin kiwon lafiya da aka kafa domin irin wannan hali. A Faransanci ana kiransa soins palliatifs, wato jinyar sassauci, gidan da ya keɓanta da masu kusa da ajali kuma ana ce masa hospis.

Cibiyoyin da ke iƙirarin yin wannan aiki sun bambanta ƙwarai. Wata sashe ce a cikin asibitin gwamnati, wata ta ƙungiyar addini ce, wata kilinik ce mai zaman kanta, wata kuma tawaga ce da ke zuwa gida. Duk yadda take, tambayoyi biyu ne ke bayyana ingancinta: shin maras lafiya na samun barci ba tare da ciwo ya hana shi ba, kuma shin iyalinsa sun san wanda za su kira idan abu ya rikice?

Mece ce jinyar sassauci?

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta bayyana ta a matsayin kulawar da ke kyautata rayuwar maras lafiya da iyalinsa yayin da suke fama da cuta mai barazana ga rai, ta hanyar rage ciwon jiki, damuwar zuciya, matsalar zamantakewa da ta ruhi. Ba ta gaggauta mutuwa, ba ta kuma jinkirta ta da ƙarfi. Ta shafi masu cutar daji, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da na hanta, shanyewar ɓarin jiki, SIDA da ta yi tsanani, da yaran da aka haifa da cuta mai wuya.

A ƙididdigar OMS, mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa a kowace shekara, amma kusan kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samunta. A shekarar 2014 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri mai lamba 67.19, wanda ya nemi ƙasashe su shigar da ita cikin tsarin kiwon lafiyarsu tun daga ƙananan asibitoci.

Karɓar jinyar sassauci ba yanke ƙauna ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2010, a kan mutum 151 masu cutar dajin huhu da ta bazu a wani asibitin Boston ta Amurka, ya nuna waɗanda aka fara yi wa wannan jinya da wuri sun fi samun kwanciyar hankali, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9.

Inda ma'aunan suka samo asali

Hospis na zamani ya fara ne a 1967, lokacin da Cicely Saunders ta buɗe St Christopher's a Landan. Ita ce ta koyar da cewa ciwon mai mutuwa bai tsaya a jiki ba: tsoro, bashi, kaɗaici da tunanin makomar ƴaƴa duk suna ƙara masa raɗaɗi. A Faransa an buɗe sashen farko na wannan jinya a Paris a 1987, sannan dokar 9 ga Yuni 1999 ta mayar da samunta haƙƙin duk mai buƙata.

A Afirka, Island Hospice ta Zimbabuwe ce ta fara a 1979. Amma misalin da ya fi dacewa da ƙasashe masu ƙarancin likitoci shi ne Hospice Africa Uganda, wadda Dakta Anne Merriman ta kafa a Kampala a 1993. Maimakon gina ɗakunan kwanciya masu yawa, ta dogara ga ziyartar marasa lafiya a gidajensu da kuma morfin na ruwa, wanda ake haɗawa daga garin magani a kan kuɗi kaɗan. A 2004 Yuganda ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta morfin, abin da ya kai maganin ƙauyukan da babu likita. Darasin da aka ɗauka daga can shi ne cewa kyakkyawar jinyar sassauci na yiwuwa ko da babu kayan aiki masu tsada.

Ma'auni na farko: auna ciwo da magance shi

Cibiya ta gari tana tambayar maras lafiya kansa irin ciwon da yake ji, ta kuma rubuta amsar a kowace ziyara. Ana amfani da sikeli daga 0 zuwa 10, ko kuma yatsun hannu daga 0 zuwa 5 ga wanda bai yi karatu ba: dunƙulen hannu babu ciwo, yatsu biyar ciwo mafi tsanani. Inda ba a auna ciwo, babu yadda za a san ko magani na aiki.

Tun 1986 OMS ta tsara matakai uku na maganin ciwo. Na farko shi ne irin su farasitamol da ibuprofen, na biyu kodin ko tramadol, na uku morfin da dangoginsa. Ƙa'idar ita ce a sha ta baki in zai yiwu, kuma a kan lokaci, ba sai ciwo ya dawo ba. Morfin na ruwa yakan yi aiki na kimanin awa 4, don haka ake maimaita shi kowace awa 4, tare da wani ƙarin awo da ake ajiyewa domin ciwon da ya taso a tsakani.

Akwai wata ƙaramar alama da ke nuna ƙwarewa. Kusan duk wanda ke shan morfin yakan yi fama da taurin bayan gida, saboda haka ƙwararren ma'aikaci yakan haɗa shi da maganin sassauta ciki tun ranar farko, ya kuma sanar da iyali cewa gyangyaɗi da tashin zuciya na iya zuwa a kwanakin farko sannan su lafa. Wanda ya miƙa kwalba ba tare da wannan bayani ba, horonsa bai cika ba.

Ma'auni na biyu: magani a hannu

Sanin magani daban, samunsa daban. Rahoton wani kwamitin mujallar Lancet a 2017 ya nuna rabin al'ummar duniya mafi talauci na samun ƙasa da kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rarrabawa a duniya. Morfin na cikin jerin muhimman magungunan OMS, amma yana ƙarƙashin yarjejeniyar 1961 kan miyagun ƙwayoyi, kuma sai ƙasa ta gabatar da ƙiyasin buƙatarta na shekara kafin ta shigo da shi.

Don haka ya dace iyali su tambaya kai tsaye: akwai morfin a wurinku yau? Wa ke da izinin rubuta shi? Idan ya ƙare ranar Asabar, ina za a samo? A yankin Sahel, inda shan tramol ba bisa ƙa'ida ba ya zama annoba tsakanin matasa, mutane da dama na tsoron duk wani magani mai ƙarfi. Cibiya ta gari tana yi wa iyali bayanin bambanci tsakanin shaye-shaye da maganin da likita ya auna domin ciwo, tana rubuta duk abin da ta bayar, tana koya musu ɓoye kwalba daga yara, tana kuma karɓar ragowar bayan rasuwa.

Ma'auni na uku: dare da ranakun hutu

Ciwo da sarƙewar numfashi ba su san lokacin tashi daga aiki ba. A Amurka, inda tsarin inshorar Medicare ya fara biyan kuɗin hospis bisa dokar 1982, sharaɗi ne cibiya ta tanadi ma'aikacin jinya da likita da magani awa 24 a kowace rana. Ko a inda babu irin wannan doka, mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne lambar waya da ake ɗauka cikin dare. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a kira lambar da daddare tun kafin a buƙace ta, a ga ko akwai mai amsawa. A kuma tambayi sau nawa ake zuwa gida a mako, iyakar nisan da tawaga ke kaiwa, da asibitin da za a kai maras lafiya idan jinya ta fi ƙarfin gida.

Ma'auni na huɗu: tawaga da mutunci

Mutum ɗaya ba ya ɗaukar wannan aiki. Ana buƙatar likita, ma'aikacin jinya, jami'in jin daɗin jama'a, da hanyar kiran liman ko fasto idan maras lafiya ya nema. Ya dace a san ko ma'aikatan sun samu horo a wannan fanni musamman, kuma ko cibiyar na da izinin ma'aikatar lafiya.

Mutunci na bayyana a ƙananan abubuwa. Cutar dajin mama da ta bakin mahaifa na kan gaba tsakanin matan yankin, kuma mace da dama ba za ta yarda namiji ya wanke mata rauni ba. Cibiya mai lura takan tanadi ma'aikaciya mace. Haka nan labule tsakanin gadaje, sallama kafin shiga, ruwan alwala, da barin dangi su kwana kusa. Ba a tilasta wa maras lafiya addinin masu cibiya, ba a kuma hana shi nasa.

Ma'auni na biyar: koyar da masu jinya

Ma'aikaci na iya zuwa na awa ɗaya, sauran awa 23 na hannun iyali. Cibiya ta gari tana nuna musu a aikace yadda ake juya wanda ba ya iya motsi kusan kowace awa 2 don kada fatarsa ta yi gyambo, yadda ake jiƙa masa baki da tsaftace shi, yadda ake rage warin rauni, wanda sau da yawa ake yi da garin metronidazol, da yadda ake ɗaga shi ba tare da mai jinya ta ji ciwon baya ba. Tana kuma gaya musu cewa rage cin abinci a kwanakin ƙarshe daga cutar yake, ɗura abinci da ƙarfi na iya sa shi ya ƙware.

Aikin ba ya ƙarewa da rasuwa. A Amurka doka ta wajabta bibiyar iyali har tsawon shekara guda. A ƙasar Hausa, inda jama'a ke cika gida kwanakin zaman makoki sannan su watse, ziyarar da aka kai wa mai takaba bayan arba'in na iya fin ta ranar farko amfani.

Ma'auni na shida: gaskiya da kuɗi

Sau da yawa dangi kan roƙi likita ya ɓoye wa maras lafiya halin da yake ciki, don tausayi. Ƙwararren ma'aikaci ba ya yin ƙarya, ba ya kuma jefa magana ba shiri. Yakan fara jin abin da maras lafiya ya riga ya fahimta da iyakar abin da yake so ya sani. Wannan na da muhimmanci, domin wanda ya san halinsa ne ke samun damar yin wasiyya, biyan bashi, neman gafara, da zaɓar inda yake so ya ƙarasa kwanakinsa.

Gaskiya ta shafi aljihu ma. Iyalai kan sayar da gona ko bisashe a watannin ƙarshe, su bar marayu hannu wofi. Ya kamata a samu farashi a rubuce tun farko: kuɗin ziyara, na magani, na gado, da na mota. Gwajin jini da hoton da ba za su canza komai a jinya ba, asara ce kawai, kuma cibiya mai amana takan faɗi haka.

Alamomin da ke sa a yi hattara

Akwai halayen da ke nuna matsala: alkawarin warkar da cutar da manyan likitoci suka ce ta bazu, ƙarin ruwa da allurai kullum ba tare da bayanin amfaninsu ba, rashin takardar da ake rubuta magunguna da awonsu, hana iyali neman ra'ayin wani likita, da maras lafiyar da ke kwana yana nishi alhali ana cewa haƙuri kawai za a yi.

Ma'aunin da aka tsara domin Afirka

Ƙungiyar jinyar sassauci ta Afirka, APCA, mai hedikwata a Kampala, ta samar da ma'auni mai tambayoyi 10: bakwai ga maras lafiya, uku ga iyali, kowace da maki daga 0 zuwa 5. Ana tambayar ciwo, sauran alamomin cuta, damuwa, ko ya samu wanda zai faɗa wa abin da ke ransa, ko yana jin rayuwarsa na da daraja, ko yana cikin natsuwa, da ko an taimaka wa iyali su shirya wa gaba. Su kuma iyali ana tambayarsu yawan bayanin da suka samu, ƙarfin gwiwarsu wajen jinya, da irin damuwarsu. Ko da cibiya ba ta amfani da shi, iyali na iya yi wa kansu waɗannan tambayoyi kowane mako. Idan makin ciwo bai sauka ba bayan ƴan kwanaki, lokaci ya yi da za a nemi a sake duba magani.

A Nijar, cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin cutar da na'ura a 2021, kuma wannan gashi na rage ciwon ƙashi da zubar jini ko ga wanda ba zai warke ba. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen jinyar sassauci a 2007. Sai dai mafi yawan marasa lafiyar yankin na ƙarasa rayuwarsu ne a gida, nesa da irin waɗannan wurare. Saboda haka lokaci mafi dacewa na yin tambayoyin nan shi ne kafin a bar asibiti: wane magani za a tafi da shi, na kwana nawa, wa zai sabunta shi a CSI mafi kusa, kuma wace lamba za a kira cikin dare.