Fari da Tsutsar Cikin Dabbobi a Ƙasar Jega, daga 1972 zuwa Yau

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu sake duban wani zato da ya daɗe a bakin jama'a, watau cewa fari yana kashe tsutsar ciki kamar yadda yake kashe ciyawa. Za mu ɗauki Gehuru da sauran ƙasar Jega, har zuwa Aliero da Maiyama, inda tudu da fadamar Gulbin Zamfara suke maƙwabtaka.

A kan tudu zaton yana da ƙamshin gaskiya. Tsutsar da masana ke kira Haemonchus, mai shan jinin tumaki da awaki, takan zuba dubban ƙwai kowace rana cikin kashin dabba. Da damina, mako guda ya isa ƙwan ya zama ɗan tsutsa mai hawa ciyawa, ya jira bakin dabba. Da rani kuwa, zafi da iskar hunturu sukan busar da kashin, 'ya'yan tsutsar su mutu. To, ina suke fitowa da faɗuwar ruwan fari? Binciken da Ogunsusi da Eysker suka buga a 1979 a kan tumakin Zariya ya ba da amsa: waɗanda dabba ta haɗiye a ƙarshen damina sukan dakatar da girma, su lafe cikin bangon tumbi, sai rani ya gushe su balaga. Ashe tsutsar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Ranin Jega kuwa ya fi na Zariya tsawo, don haka muna ganin wannan dabara ta fi zama tilas gare ta a nan.

Farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sun fito da ɗaya fuskar al'amarin. Da ciyawar tudu ta ƙare, garkuna suka gangaro fadama da wuri, suka cunkushe a bakin 'yan tafkunan da suka rage. Nan ne mazaunin ƙaramar katantanwar da ke rainon tsutsar hanta, wadda Schillhorn van Veen ya yi nazarinta a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970. Saniyar da yunwa ta riga ta raunana ita ce take cin ciyawar da ta fi kowace ɗauke da cuta, kuma illar ba ta bayyana sai bayan wata uku ko fiye, lokacin da makiyayi zai ɗora laifin ramar a kan yunwa kaɗai.

Tun daga shekarun 1990 noman rani da injin ban ruwa ya bunƙasa, albasar Aliero ta shahara, shinkafa ta mamaye fadama. Ba mu ƙi arzikin manomi ba, amma mashaya da makiyaya sun tsuke, har cunkoson da a da sai shekarar fari ake ganinsa ya koma na kowane rani.