Kwaɗon da ke riƙe taransifa: tarihin jira a cikin kwamfuta

1/ Duk wanda ya ci kasuwa a Goronyo, Wurno ko Rabah a Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san wannan wahalar. Ka tura kuɗi, mai albasa bai ga alat ba, mai POS yana cewa "netwok ne". Bari in ba ku tarihin ɗaya daga cikin abubuwan da muke lulluɓewa da wannan kalmar.

2/ A shekarun 1970, a cibiyar binciken IBM da ke San Jose a Amurka, ana gina rumbun bayanai mai suna System R. Damuwarsu ita ce: in aiki biyu suka taɓa asusu ɗaya a lokaci guda, lissafi zai rikice, dubu goma ɗaya ta fita sau biyu.

3/ A 1976 Jim Gray da abokan aikinsa uku suka fitar da ƙa'ida. Aikin da zai taɓa bayani sai ya datse shi da kwaɗo tukuna, kuma in ya fara buɗe kwaɗunansa ba zai sake datse wani ba. Lissafi ya tsira. Amma fa an haifi layi.

4/ A 1979 suka rubuta a kan wannan layin, suka kira shi ayari. Ni dai sunan ya burge ni. Ku tuna tirela ɗauke da buhunan albasa a hanyar Goronyo zuwa Sakkwato, ba wurin wucewa. Motocin da ke bayanta lafiyarsu lau, ga mai, ga direba, amma kowa tafiyar tirela yake yi.

5/ Nan masu gyara da yawa ke ɓata. Sun ga komai ya tsaya, sai a ce a sayo sabar mai ƙarfi. In ka duba kuwa, injin ma hutawa yake, don kowa jira yake yi. Tambayar ba "wa ke jira?" ba ce, ai kowa ne. Wa ke riƙe da kwaɗon, kuma tun yaushe? Za ka bi layin har gaba, sau da yawa ka tarar da aikin da aka buɗe aka manta ba a rufe ba.

6/ Akwai wanda ya fi wannan muni: ina riƙe da naka, kana riƙe da nawa, kowa na jiran ɗan'uwansa. PostgreSQL kan jira daƙiƙa 1 kafin ya bincika, in ya ga hakan ne sai ya soke ɗaya.

7/ Gray ya samu kyautar Turing ta 1998. A Janairun 2007 ya fita teku shi kaɗai a jirginsa daga San Francisco, ba a sake ganinsa ba.

8/ A MySQL kuwa, in ba a canja saitin ba, aiki zai jira kwaɗo daƙiƙa 50, sannan ya haƙura ya dawo maka da saƙon kuskure.