Musa Ma'azu: Daga Yamai Zuwa Mosko Cikin Wata 14

Ranar Lahadi 10 ga watan Oktoba na shekarar 2010, filin wasa na Janar Seyni Kunce da ke Yamai ya karɓi manyan baƙi. Ƴan wasan Masar ne suka sauka, su da suka ɗauki kofin Afirka sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Masu masaukinsu kuwa, wato Mena, ba su taɓa taka dandalin wannan gasa ba tun da Nijar ta sami mulkin kai. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, wani dogon saurayi ɗan shekara 22 ya zura ƙwallo a ragar Fir'aunonin, kuma a haka aka tashi, ɗaya da nema. Sunan saurayin Musa Ma'azu, wanda jaridun Turai ke rubutawa Moussa Maâzou.

A ranar da ƴan ƙasarsa ke ɗaga shi sama, a Turai ɗan aro ne. Wata ƙungiya ta Mosko ke da shi, wata ta Faransa ke aiki da shi, kuma a can ƙorafi aka fara yi a kansa. Yadda aka yi saurayi guda ya zama gwarzo a gida, ya zama kaya mai wuyar ajiya a waje, shi ne abin da ya cancanci a waiwaya, domin labarin ya shafi duk mai riƙe da tarbiyyar yara a ƙasar nan.

Ƙwallo a ƙasar kokowa

An haifi Musa Ma'azu a Yamai ranar 25 ga Agusta 1988. Ya buɗe ido a ƙasar da kokowa ke riƙe da sarautar wasanni. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kowace jiha ta san gwanayenta, makaɗa na wasa su, rediyo na kai sunansu har ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ƙwallon ƙafa kuwa, ko da yake yara na buga shi a kowane lungu, bai sami irin wannan gata ba. An yi ƙungiyoyi masu suna, irin su Sahel da Olympic da Zumunta a Yamai, Jangorzo da Ɗan Kasawa a Maraɗi, Espoir a Damagaram, Akokana a Arlit, amma gasar ƙasa ta kasance ta ƴan sa-kai. Ƙungiyoyin da ke da ɗan ƙarfin aljihu galibi na ma'aikatun gwamnati ne, kamar soja da duwan da ƴan sanda.

A ɗaya daga cikinsu, wato AS FAN, ƙungiyar rundunar sojan Nijar, Ma'azu ya fara fitowa fili a tsakiyar shekarun 2000. Jarinsa tsawo ne da ƙarfin jiki da gudu irin na barewa. A fili mai rairayi, inda ƙwallo ba ya tafiya yadda aka aike shi, mai gudu shi ne sarki: a ɗaga masa ƙwallo ta bayan masu tsaron baya, sauran aiki nasa ne. Abin da irin wannan fili ba ya koyarwa shi ne tarbar ƙwallo cikin matsi, da wasa da baya ga raga, da sanin inda abokin wasa zai tsaya tun bai tsaya ba. Waɗannan a makarantar horo ake samunsu tun ana ɗan shekara 12 ko 13, kamar yadda ASEC Mimosas ta yi wa yaranta a Abijan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙofar Beljik

A watan Janairu na 2008, yana ɗan shekara 19, ya sauka a Lokeren, wani ƙaramin gari na arewacin Beljik inda ake magana da harshen Filaman. Ba da ka aka zaɓi wannan ƙasa ba. A zamanin nan Beljik ita ce zauren da samarin Afirka ke bi su shiga Turai, saboda dokokinta ba su tsananta wa baƙin ƴan wasa ba, ƙungiyoyinta kuma sun mai da saye da arha da sayarwa da tsada hanyar cin abincinsu. Ta nan Yaya Toure da Emmanuel Eboue suka bi, a ƙungiyar Beveren. Ta nan kuma ɗan Nijar Ibrahim Tankari ya yi shekaru yana wasa tun kafin zuwan Ma'azu.

Lokeren ta dace da shi. Ƙungiya ce matsakaiciya, wadda ba a ɗora mata dole sai ta ɗauki kofi ba. Mai horar da ita, Georges Leekens, tsohon hannu ne. Irin wannan ƙungiya takan ja baya ta bar wa abokin karawa ƙwallo, sa'an nan ta kai hari cikin hanzari, wato daidai abin da saurayin Yamai ya iya. Watannin farko sun tafi a sabo da sanyi da ciyawa da abincin baƙunta. Da kakar 2008-2009 ta kama, sai ƙofa ta buɗe: ya zura ƙwallo 14 tun kakar ba ta ƙare ba, sunansa ya shiga jerin manyan masu cin raga na ƙasar. A fadojin samari na Yamai da Maraɗi da Damagaram, inda aka saba gardamar Marseille da Barcelona a bakin butar shayi, aka sami ɗan gida da za a yi gardama a kansa.

Farashi ya riga gwaninta

A watan Maris na 2009 CSKA ta Mosko ta saye shi. Kuɗin da jaridu suka ruwaito ya kusa Yuro miliyan 5, wato sama da miliyar 3 na sefa. Ba a taɓa jin an biya wa ɗan ƙwallon Nijar irin wannan dukiya ba. Tsakanin barinsa Yamai da isarsa Mosko wata 14 ne kacal. Daga ƙungiyar soja ya tashi, a ƙungiyar da ta samo asali daga rundunar sojan Sobiyet ya sauka, amma banda wannan babu abin da ya haɗa gidajen biyu.

CSKA ta ɗauki kofin UEFA a 2005, tana da ƴan wasa irin su Vagner Love na Barazil da Milos Krasic da Alan Dzagoev. Ita ake ja wa baya, don haka sararin da mai gudu ke bukata ya ƙuntata. Ga shi kuma a lokacin gasar Rasha daga Maris take farawa ta ƙare a Nuwamba, ke nan ya fita daga tsakiyar wata kaka ya faɗa farkon wata ba tare da hutu ba. Ga harshe da ko haruffansa bai sani ba. A cikin wannan shekara guda masu horarwa uku suka riƙe ƙungiyar: Zico na Barazil, wanda a zamaninsa aka kawo shi, ya tafi a watan Satumba, Juande Ramos na Sifen bai cika wata biyu ba, sa'an nan Leonid Slutski ya karɓa. Kowane sabon malami da irin ɗaliban da yake so. Ma'azu ya gama kakar da ƙwallo 3 a gasar ƙasa.

Ƙwallo 3 ga saurayi ɗan shekara 21 a baƙuwar ƙasa ba abin kunya ba ne. Amma a kasuwar ƙwallo da farashin mutum ake auna shi, ba a duban shekarunsa. Wanda aka saya da miliyar 3 ba a ba shi lokacin koyo, ko da koyon shi ne abin da ya fi bukata. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa.

Rayuwar ɗan aro

Daga nan aka shiga ba da shi aro. A Janairu 2010 ya tafi Monako, ƙarƙashin Guy Lacombe, kuma nan take tauraronsa ya sake haske. Ya ci ƙwallo 6 a gasar Faransa cikin rabin kaka, shi ne kuma ya zura ƙwallo guda da ta fitar da Lens a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Faransa, bayan an shiga ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe Paris Saint-Germain ta yi galaba da ɗaya da nema. Da a ce an bar shi a nan ya yi saiwa, wataƙila da labarin ya sake. Sai dai ɗan aro ba shi ke zaɓen inda zai kwana ba. Ciniki ne tsakanin mai kaya da mai ara.

Kaka ta gaba a Bordo ta same shi, ƙarƙashin Jean Tigana. Ƙungiyar da ta ɗauki gasar Faransa a 2009 ta fara gangara, ƴan kallo sun ƙosa, suna neman wanda zai cike gurbin Marouane Chamakh da ya koma Arsenal. Ma'azu ƙwallo guda ya ci a gasar. A Janairu 2011, cikin wata hira da jarida, ya mai da wa masu sukarsa martani da kalmomi masu kaushi, yana nuna cewa shi yana da inda zai koma. Baki shi ke yanka wuya: zamansa a Bordo ya ƙare a watan. Ya koma Monako, kwanaki kaɗan bayan haka ya ji mummunan rauni a gwiwa, ya yi watanni yana jinya. Da ya warke aka tura shi Zulte Waregem a Beljik, daga nan Le Mans a rukuni na biyu na Faransa. A 2012 ya rabu da CSKA ya nufi Etoile du Sahel ta Tunisiya. Cikin shekara huɗu da rabi ya sa rigar ƙungiyoyin Turai 6, kuma banda Lokeren babu inda ya cika shekara guda a jere yana wasa.

Akwai misalin da ke ƙara haska wannan. Ahmad Musa na Najeriya, bayan ya zama sarkin masu cin raga da Kano Pillars a 2010, ya yi sama da shekara a VVV-Venlo ta Holan, ya isa CSKA ɗin nan a Janairu 2012, lokacin da Slutski ya riga ya zauna daram a kujerarsa. Aka bar shi ya yi shekara huɗu da rabi, ya ɗauki gasar Rasha sau uku. Gida ɗaya suka shiga, dukansu da gudu suka yi suna. Ɗaya ya tarar da gidan a natse, ɗaya ya tarar ana sauya masu gida.

Inda aka san shi

A daidai wannan lokaci, a gida abin ya bambanta. Haruna Dula Gabde ya gina Mena a kan ƴan wasan da suka daɗe tare, da yawansu daga gasar cikin gida. A 2010 AS FAN ta fitar da Etoile du Sahel ta kai matakin rukuni na kofin ƙungiyoyin Afirka na biyu. A farkon 2011, a Sudan, Mena ta ƴan gida zalla ta kai wasan kusa da na kusa da ƙarshe a gasar CHAN. Da Kasali Dauda a raga, da Idrisa Lawali a tsakiya, ƙungiyar ta san ƙarfinta ta san iyakarta. Ba a nemi Ma'azu ya zama wani ba. Abin da ya iya shi aka nema a wurinsa.

Nasarar da aka yi a kan Masar ta zo a shekara mai nauyi, shekarar juyin mulkin 18 ga Fabrairu, da ƙarancin cimaka, da ambaliyar kogin Kwara. A Maris 2011 Mena ta doke Saliyo da 3 da 1. Ranar 4 ga Satumba, Ma'azu da bai daɗe da tashi daga jinya ba ya ci ta biyu bayan ta Kofi Ɗan Kowa, aka kayar da Afirka ta Kudu da 2 da 1. Ranar 8 ga Oktoba Masar ta rama da 3 da nema a Alƙahira, yayin da ƴan Afirka ta Kudu suka yi canjaras da Saliyo suka shiga rawa a fili, suna zaton yawan ƙwallaye za a duba. Ashe doka ta ce idan maki ya zo ɗaya, sakamakon karawar da aka yi tsakanin masu kunnen dokin ake fara dubawa. Ƙasashe uku na da maki 9, Nijar ce ta wuce. A karon farko Mena ta je kofin Afirka a 2012, ta sake zuwa a 2013, Hukumar ƙwallon Afirka kuma ta zaɓi Haruna Dula gwarzon mai horarwa na 2011.

Abin da ya rage

Ma'azu ya ci gaba da yawon neman abinci da ƙafarsa, a Fotigal, inda ya sake samun raga da Maritimo, da Sin da Danmak da Faransa, har zuwa Luksambur. Lokeren da ta buɗe masa ƙofa ta karye a 2020. A 2022 FIFA ta ƙayyade yawan ƴan wasan da ƙungiya za ta iya bayarwa aro zuwa ƙasashen waje. Tun 2001 dai dokarta ta hana fitar da yaro ƙasa da shekara 18, sai bisa wasu ƴan sharuɗɗa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin ciniki ga ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. A ciniki irin na Mosko, wannan kaso ya haura miliyan 150 na sefa. Amma sai an rubuta yaro a rajista ake da hujjar nema. Ƙungiyar unguwa da ba ta ajiye takarda ba ta yi wa wani noma.

Nijar ta ɗan taɓa hanya bayan haka: ƴan ƙasa da shekara 17 sun je kofin duniya a Indiya a 2017, Yamai da Maraɗi sun karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Duk da haka, gasannin kofin Afirka da suka biyo bayan 2013, har zuwa ta 2025, babu Mena aka yi su. A farfajiyar kowace lakkol akwai yaron da ya fi tsaransa gudu. Malaminsa shi ne mutum na farko da zai gan shi, shi ne kuma zai iya koya masa karanta kwantaragi kafin ya sa hannu, da auna magana gaban ɗan jarida, da haƙurin zama wuri guda har a ƙware. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.