Yadda Keke Ya Ƙwace Garin Groningen Daga Hannun Mota

Yau shirin namu zai kai mu ƙasar Holan, garin Groningen da ke can arewacin ƙasar, mai jami'ar da aka kafa tun 1614. In ka shiga garin da safe, ɗalibai ne rututu a kan keke za su lacca, malamansu ma haka. Da yawa sai su ce ai al'adarsu ce, haka suka taso. To ba nan zancen ya tsaya ba, sai da aka yi rigima.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Holan ta samu arziki, kowa ya sayi mota. Aka riƙa rushe gidaje ana faɗaɗa titi, filayen kasuwa suka koma wurin ajiye motoci, mai keke kuwa aka tura shi gefe. A 1971 kaɗai, kusan mutum 3,300 suka mutu a hatsarin hanya, sama da 400 daga cikinsu yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya. Ana cikin haka, a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Holan man fetur, har gwamnati ta haramta fita da mota ranar Lahadi na ɗan lokaci.

Ga inda nake so ku saurara da kyau. A Groningen, matasa ne suka shiga siyasar gari suka karɓi kujeru. Ɗaya daga cikinsu, Max van den Berg, shekararsa 24 lokacin da ya shiga hukumar gudanar da garin a 1970. Ka ji fa, sa'an wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba a wajenmu! Shi da abokan tafiyarsa suka kawo tsarin da ya raba tsakiyar gari gida huɗu. Mai mota ba shi da damar tsallakawa daga wannan yanki zuwa wancan kai tsaye, dole ya fita titin da ya zagaye tsakiyar garin sannan ya sake shigowa. Mai keke da mai tafiya a ƙasa kuwa, su ratsa ta inda suka ga dama.

A watan Satumban 1977 aka fara aiki da tsarin, cikin dare ɗaya aka sauya allunan hanya. 'Yan kasuwa suka yi ca, suka ce ciniki zai mutu tunda masu mota ba za su iso ƙofar shago ba. Hukuma ta ƙi janyewa, kuma kasuwar ba ta mutu ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba wanda aka yi wa wa'azi ya hau keke. Lissafi kawai aka sauya. Ɗalibin da ya ga keke zai kai shi aji kafin mai mota ya gama zagaye, kuma ba ruwansa da kuɗin mai, me zai jira?

Yau kusan kashi 60 cikin 100 na zirga-zirgar cikin garin a keke ake yi. A hanyar Zernike, harabar jami'ar da ke arewacin gari, kekunan ɗalibai sun yi yawan da sai da hukuma ta fitar musu da wasu hanyoyi na daban don rage cunkoso da safe.